Malamin da Ba Ya Karɓar Sitiyari

Idan aka tambaye ni mutumin da ya fi ba ni haushi a duniya, ba sai na yi dogon tunani ba. Ba maƙwabciyata ba ce, mai kawo ɗinki da yamma ta ce da safe take so. Ba kuma surukina ba ne, da kullum gaisuwarsa ke dacewa da lokacin sauke tukunya. Malamin da ya koya mini tuƙi ne, wanda masu tasi da masu faci ke kira Muna-Tare, don kalmar ba ta rabuwa da bakinsa.

Ni tela ce. A kan keken ɗinki na yi ƙuruciyata, a kansa furfura ta same ni, kuma tuƙi bai taɓa ba ni sha'awa ba. Akwai mota a gidanmu, tsohuwa, fara, amma ta maigida ce. Yadda yake ji da ita, in ka rufe ƙofarta da ƙarfi sai ya dube ka kamar ka mari 'yarsa. Duk Asabar zai fito da bokiti da soso ya wanke ta har ƙarƙashin taya. Ni matsayina kujerar gefe, jaka a cinya, ina ba da umarnin da ba a bi.

Wata safiya yana ɗaure igiyar takalmi, sai ya sulale daga bakin gado. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya karkace. Da aka sallame mu daga asibiti, likita ta ja mini kunne: a riƙa kawo shi a kai a kai ana motsa masa hannu da ƙafa, in ba haka ba su sandare yadda suke, kuma in sun sandare shi ke nan. Muka fara zuwa a tasi. Ran nan wani direba mai gaggawa ya ciccibe shi ta hammata a ƙofar asibiti, wandonsa ya zame a gaban jama'a. Mutumin da ko hankicinsa sai an goge yake sa shi a aljihu! Tun daga ranar ya ce ba shi ba fita. Da kai ya faɗa, don maganar ma ya daina, saboda kunyar yadda take fitowa a tauntaune. In na matsa masa sai ya nuna makullin motarsa da ke rataye a ƙusa, ya juya fuska ga bango.

Ɗanmu yana aiki a nesa. 'Yarmu tana da goyo, kuma ba ta iya tuƙi ba. Na ce a nemo direba, ya girgiza kai har sai da na ji tsoro. Kullum da safe nakan buɗe yatsunsa na hagu in wanke tafin hannun, kuma kullum sai na ji sun ƙara dunƙulewa, sai na sa ƙarfi fiye da na jiya. Wannan shi ya kai ni koyon mota da tsufana.

Matan coci sun yi ta zuwa dubiya, Allah ya saka musu, amma bakinsu ya gajiyar da ni. Wannan ta ce gwaji ne. Waccan ta ce Allah yana da dalilinsa. Wata har ta rage murya ta ce in bincika ko akwai abin da ba mu tuba a kai ba. Ina ce musu amin da baki kawai. Addu'a kuwa na mayar da ita gaisuwar nesa, irin wadda ake yi wa maƙwabcin da aka ɓata da shi.

'Yata ce ta samo shi. Ta ce, "Mama, akwai wani dattijo a cocinmu, yana koyar da tuƙi. Yana da haƙuri sosai." Da na san irin haƙurin, da mai faɗa na nema.

Gajere ne, mai furfura a gefen kai, yana ɗingisa ƙafar hagu. Rigarsa a ɓalle har wuya komai zafi, ƙaramin tawul a kafaɗa, fulas ɗin shayi a tsakanin kujeru. Motarsa 'yar ƙarama ce, shuɗiya, jikinta duk lotsawa. Bai gyara ko ɗaya ba, kuma ya san mai kowace. Kafin in shiga sai da ya zagaya da ni yana gabatar mini da su kamar 'yan'uwa. "Wannan ta wata nas ce, yanzu ita ke kai 'ya'yanta makaranta. Wannan ta wani mai gidan burodi ce, turken lantarki ne ya ƙi ba shi hanya." Na ce a raina, to, an kawo ni wurin wanda ya fi ni buƙatar likita. A wajen ƙafarsa akwai birki na biyu, irin na motocin koyo. Na gan shi, hankalina ya ɗan kwanta. Ban san ado ba ne.

A wani fili bayan wata masana'anta muka fara. Nan aka gano matsalata. Ƙafar da ta shekara da shekaru tana taka keken ɗinki ba ta san a danna a tsaya ba. Da ta hau totur sai ta kama aikinta, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Mota ta riƙa zabura tana tsayawa kamar akuyar da aka ɗaure, shayinsa yana fantsama a tawul. Ina jiran tsawa, sai na ji ya ce, "Muna tare, Mama."

Na ce, "Malam, muna tare a ina? Ka ga fa za mu shiga katanga."

Ya ce, "Katangar tana nan, ba inda za ta. Wace sana'a kike yi?"

Da na gaya masa, sai fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Ya tambaye ni da takalmi nake ɗinki? Na ce a'a. Ya ce to in cire. Ya ce in na zo kwanar wuyan riga, inda allura ke tafiya ɗaya bayan ɗaya, yaya nake yi da ƙafa? Na nuna masa. Ya ce, "Haka ake sakin kuloci." Abin haushi, ya yi aiki. Har yau ba takalmi nake tuƙi, suna ajiye a ƙarƙashin kujera.

Da a fili muka ƙare, da ni da shi mun rabu lafiya. Amma a hanyar asibiti akwai wata danja a saman hawa, kusa da tashar mota, inda manyan motoci da 'yan tasi da masu babur ke haɗuwa kowa ransa a wuya. Duk masu koyar da tuƙi, in sun kusa wurin, sai su tsaya su sauya kujera da ɗalibi, su haye da shi, sannan su mayar masa. Haka kowa ke yi, haka hankali ya ce a yi. Shi kuwa ban gama sanin giya ta uku ba ya ce mu bi ta can.

Danja ta tsayar da mu a tsakiyar hawan. Da ta ba da hannu, na saki kuloci da firgici, mota ta yi tari ta mutu. Kafin ka ce me, hon ta ko'ina. Wani ɗan tasi ya leƙo ya ce, "Tsohuwa, ki koma gida ki yi renon jikoki!" Wani ya bugi bayan motar da tafin hannu. Gumi ya karyo mini, na kasa gane makulli da birkin hannu.

Na ce, "Malam, sauko ka karɓa!"

Ko gezau bai yi ba. Sai ya murɗa gilashin gefensa ya sauke, ya fitar da hannu waje yana ɗagawa, ya ɗaga murya ya ce, "Ku yi haƙuri, jama'a! Ni ne. Ni na kawo ta."

Nan take zagi ya bar ni ya koma kansa. Tsohon banza, mugu, mai neman kashe mutane, wa ya ba ka lasisin koyarwa. Har iyayensa da ke kabari sai da aka taɓo. Yana ta gyaɗa kai kamar ana sa masa albarka. Sannan ya juyo gare ni da muryar nan tasa mai sanyi ya ce, "Sun samu abin yi, kada ki damu da su. Ja birkin hannu. Fitar da giya. Murɗa makulli. Muna tare."

Danja ta rufe ta buɗe, ta sake rufewa, ban san sau nawa ba, kafin muka haye. Da muka sami gefen hanya na tsaya na wanke shi tas. Na ce ni ba yarinya ba ce, ina da hawan jini, gida guda ba za a kwantar da mutum biyu ba. Ya saurara har na gama, ya zuba shayi a murfin fulas ya miƙo mini. Na sha, don makogwarona ya bushe, amma ban ce masa na gode ba.

Washegari ta can muka sake bi. Ranar da ta biyo baya ma haka.

Da yamma, in ina shafa wa maigida mai a hannu, nakan juye masa duk haushin. Mai shiru daɗin kai ƙara gare shi, ba ya katse ka. Nakan kwaikwayi muryar Malam, in ɗaga hannu in ce, "Ni ne, ni na kawo ta," in ja tsaki. Shi dai fuskarsa na bango. Ban san ko yana ji ba, ban kuma fasa ba, don in na yi shiru ɗakin yakan yi mini faɗi.

A hankali wani zargi ya shige ni: anya mutumin nan ya iya tuƙi kuwa? Kullum a kujerar gefe nake samunsa, wani ɗalibi ya kawo shi, ni in kai shi wurin na gaba. Ga ƙafa gurguwa. Na ce lalle wannan shi ne sirrin, haƙurin dole ne, ya ƙi karɓa ne don ba zai iya ba. Har na fara jin tausayinsa.

Sai ran nan ya ce in same shi a gida. Na isa da wuri. Lungunsu matsattse ne, ga wata motar bulo ta tare rabinsa, ga kwata a ɗaya gefen. Ina tsaye sai na ga shuɗiyar motar nan tana fitowa da baya ta wannan ɗan tsukin, sumul, ko madubi bai goga ba. Malam ne a ciki, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da murfin fulas cike da shayi. Ko ɗigo bai zube ba.

Matarsa tana shanya a bakin ƙofa, doguwar mace mai fara'a. Ta ga yadda na saki baki, ta fashe da dariya. Ta ce, "Ke ce tela? Sannu da fama, 'yar'uwa. Ni na fi ki daɗewa a ciki." Ta ce haka yake a gida. Lokacin da babbar 'yarsu ke koyon girki, ya zauna a ɗakin girki yana kallo gishiri ya yi yawa, bai ce uffan ba, da aka zuba kuma shi ya fara cinye nasa ya nemi ƙari, don kada 'yan'uwanta su yi mata dariya. Ta ce manyan motoci ya tuƙa rabin rayuwarsa. Tun yana ƙarami ya fara a matsayin yaron mota, wurin wani ubangida da ke ajiye sifana a cinya. In ka yi kuskure ya ƙwala maka a ƙeya, ya ture ka ya ƙwace sitiyari. Ta ce, "Ki duba bayan kansa, tabon yana nan."

Ban duba ba, don idona ya rufe. Ina shiga mota, ko bel ban ɗaura ba, na ce, "Ashe ka iya!"

Ya ce, "Me fa, Mama?"

"Tuƙi! Ka iya, ka fi duk masu zagin nan iyawa, amma ka zauna kana kallona ina zubar da mutuncina a tsakiyar titi. Da hannu ɗaya za ka fitar da mu, ka ƙi."

Ya ce, "Na iya. Amma ranar da za ki kai maigida asibiti, wa zai riƙe sitiyarin?"

Ban san lokacin da maganar ta kuɓuce mini ba. Na ce, "Kai da Allah halinku ɗaya! Yana da iko, Yana kallo mijina ya sulale a gabana, ko yatsa bai ɗaga ba. Mutumin da bai taɓa fashin sujada ba! Yanzu Yana kallo hannun yana dunƙulewa. Sai a ce mini wai Yana ƙaunarmu. Wace irin ƙauna ce ta zama ana kallo?"

Na zaci zai ce in tuba, kamar yadda matan coci za su ce. Sai ya miƙa hannu ya kashe motar, ya goge fuska da tawul. Ya ce shi ma da can ya ɗauka Allah irin ubangidansa na farko ne, yana zaune a bayanka da sifana yana jiran ka kuskure. In ba haka ba, to irin mai motocin ne da ke ofis, yana aiko umarni, bai san zafin inji ba. Da wannan tunanin ya yi ta zuwa coci, jiki a ɗarare.

Sai wata rana birki ya tsinke masa a gangare da lodin siminti. Kan motar ya maƙure, ƙarfe ya danne masa ƙafa, man gas yana tsiyaya. Jama'a suka taru daga nesa, don ana tsoron wuta, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa. Yana jin su sarai. Wani ya ce ƙaddara ce, wani ya ce ai direbobin nan ba su da tsoron Allah. Sai wani mutum da bai sani ba, da kayan gona a jikinsa, ya rarrafo ta gilashin da ya fashe, ya kwanta cikin man da kwalaben, ya sa hannu ya tallafe masa kai.

Malam ya ce, "Zaginsa na yi, Mama. Na ce ko ka ciro ni ko ka fita. Ya ce, ƙarfen ya fi ƙarfina, fita kuma ba zan yi ba. Yana nan har masu yankan ƙarfe suka zo. Ban sake ganinsa ba. Da nake kwance a asibiti na yi ta tunani, a ina mutum ya samo irin wannan hali? Ba dai wurin mai sifana ba. Sai na tuna Yesu da nake ji tun ina yaro, wanda ya bar inda yake ya shigo inda muke, ya sha zagi da duka a madadinmu. Na ce ashe ba a bakin titi Yake ba. Yana cikin motar."

Na ce, "Labarinka da daɗi, amma shi manomin bai iya ba ne. Kai ka iya. Shi ma Ya iya."

Ya murza gwiwarsa. Ya ce, "Gaskiyarki. Wannan tambayar ina yi Masa ita duk lokacin da ƙafar nan ta tashi ciwo. Bai ba ni amsa ba tukuna. Amma ki lura, na kusa ake yi wa irin wannan tambaya. Ki yi Masa faɗan, Mama. Uba ne, ba zai sauka don kin ɗaga murya ba."

Na ce, "Wannan ba amsa ba ce."

Ya ce, "Ba amsa ba ce. Ɗaura bel, sa giya ɗaya."

Kun ji irin mutumin da na yi fama da shi. Ko gardama ba ya bari ka ci ta da daɗi. Amma daga ranar, in na hau keken ɗinki, sai in sami kaina ina faɗa da Ubangiji a fili, ina ƙirga Masa laifuffuka ina taka keke. Wata mai karɓar ɗinki ta taɓa leƙowa ta tambaya da wa nake rigima. Na ce da Babana. Ta dube ni, ta dubi ɗakin, ta karɓi kayanta ba ta ko gwada ba. Ban ce na samu amsa ba. Na dai lura gaisuwar nesa ta ƙare, don ba a yi wa na nesa irin faɗan da nake yi.

Ranar da na karɓi lasisi na ce masa, tunda an gama, ya faɗa mini gaskiya, birkin nan na ƙafarsa an ma haɗa shi da wani abu kuwa? Ya ce ya taka shi ranar da na kusa buge mai tallan lemu, da ranar da na ɗauka tirela za ta kauce mini, da wasu ranaku. Na ce ni ban ji ba. Ya ce ai ba don in ji ya taka ba. Na ja tsaki na sa lasisina a jaka.

Saura babban aiki. Yatsun maigida sun kai sai na sa hannu biyu nake buɗe su. Na roƙi Malam ya raka mu zuwan farko. Ya zo da sassafe, rigar nan a ɓalle har wuya. Ya shiga ɗaki ya rusuna ya gaishe da maigida kamar lafiyayye, bai yi masa irin muryar da ake yi wa yara ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo neman izini ne. Ɗalibata ta iya. Ka yarda ta taɓa motarka?"

Maigida ya dube shi. Sannan ya nuna ƙusa. Malam ya ɗauko makullin ya sa masa a hannun dama, shi kuma ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Muka kama shi a hankali, Malam yana tare masa ƙugun wando da hannu ɗaya ba tare da ya nuna yana yi ba, muka zaunar da shi a kujerar gaba. Na buɗe wa Malam ƙofar baya. Sai ya ja da baya ya tsaya a bakin ƙofar gida.

Na ce, "Shigo mana."

Ya ce, "In na shiga, ni za ki riƙa kallo a madubi. Kina da na gefe."

Na ce, "Yau kuma ina muna taren?" Ya yi murmushi ya ɗaga mini tawul. Da ba don maigida yana wurin ba, da na faɗi abin da zai sa fasto ya kira ni.

Na cire takalmi na tura ƙarƙashin kujera. Muka fita lafiya, muka wuce gidan mai, muka wuce makaranta. Ina addu'a ɗaya tak, wato danjar nan ta bar mu mu wuce. Muna isa tsakiyar hawan ta rufe. Na ce a raina, na gode, Ka kyauta. Kulocin motar maigida ba irin na Malam ba ne, yana kamawa tun daga ƙasa. Danja ta buɗe, na saki ƙafa, farar mota ta yi tari ta mutu.

Hon ya tashi. Wata babbar mota a bayanmu ta saki nata har cikin haƙorana. Na murɗa makulli da giya a ciki, mota ta zabura ta sake mutuwa, ta fara silalowa baya. Na danne birki da duk ƙarfina. Wani ya ce, "Wa ya ba matar nan mota?" Wani ya ce a ture mu gefe. Abin da na fi tsoro ba zagin ba ne. Na san in aka taru a kanmu, aka leƙo aka ga bakinsa, aka yi dariya, mutumin nan ba zai sake fita ba har abada. Na kasa ko duban inda yake.

Sai na ji ƙarar mariƙin gilashi, ƙiiƙ, ƙiiƙ, a hankali. Na juya. Maigida ne, ya kama mariƙin da hannunsa mai lafiya yana murɗawa, yana haki. Gilashi ya sauka. Ya fitar da hannun waje ya ɗaga. Ya buɗe karkataccen bakin nan da ya yi watanni yana ɓoye wa har 'ya'yansa, ya ɗaga murya a gaban tasha guda.

"Ku yi... haƙuri. Ni ne. Ni na... kawo ta."

Kalmomin sun fito a tauntaune, miyau yana bin gefen bakinsa, amma duk wanda ke kusa ya ji. Wani ɗan tasi ya ce, "To Baba, ku biyun duk ku koma gida mana!" Maigida ya gyaɗa masa kai, rabin fuskarsa yana dariya. Ashe duk yammacin nan da nake kai ƙara, fuskarsa ce kawai ke bango.

Ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Birkin... hannu."

Na ce, "Na sani!" Hawaye ya hana ni ganin makullin, sai da na laluba. Na ja birkin hannu, na fitar da giya, na tayar, na saki ƙafa kamar na zo kwanar wuyan riga. Muka haye. Har muka shiga ƙofar asibiti hannunsa yana waje, ya manta bai shigo da shi ba.

Yatsun ba su buɗe duka ba. Biyu sun ƙi, likita ta ce mun ɗan makara. Sauran suna riƙe kofi, suna kuma riƙe soso, don ya koma wankin motarsa ranar Asabar, a zaune, yana nuna mini inda na bari. Tambayata tana nan, kuma har yanzu ina yin ta da ƙarfi a kan keke.

Malam kuwa bai sauya ba ko kaɗan. Makon jiya muna dawowa daga asibiti muka tarar da shuɗiyar motar ta mutu a tsakiyar hawan, wata baiwar Allah tana rawar jiki a kan sitiyari, hannu da tawul yana waje. Mu ne a bayansu. Akwai hanyar da zan ratse in wuce, kuma ina da ɗinkin da za a zo karɓa. Na ja tsaki, na ja birkin hannu. Na bayanmu suka fara hon, maigida kuma ya fara murɗa gilashi.